Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limaman Juma'a da masu unguwannin Yamai, kafin Babbar Sallah ta ƙaraso

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah gafarta malamai, ranku ya daɗe masu unguwanni. Mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan lafiya ne mazauna Yamai. A cikinmu akwai likitoci, akwai majo-majo na asibitocin unguwa, akwai ungozomomi da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya. Maganarmu a kan ranakun sallar layya ce, da kuma wani mutum guda da akan manta da shi idan ana zancen ceton rai: matar da mijinta ya yanke jiki ya faɗi a gabanta, ko mijin da matarsa ta faɗi. Kafin wani likita ya taɓa maras lafiya, abokin zamansa ya riga ya yanke shawara uku ko huɗu a tsakar gida, kuma sau da yawa a kan waɗannan ne ake tashi ko a rasa rai. Mu ba ma shiga tsakar gidan nan. Maganarku ce take shiga.

Ku fara duba lokacin. Sallah tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 ta faɗo farkon watan Yuni, a 2026 ƙarshen Mayu, daga nan kuma sai ta riƙa nutsawa cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40. A irin wannan rana ce magidanci mai shekara hamsin da wani abu zai tafi Idi bai ci komai ba, ya dawo ya yanka, ya tsaya kan fiɗa, a tsire raguna a kafa su kewaye da wuta, shi kuma yana gefe yana juyawa har dare. Maganin tansiyon ɗinsa ya ƙare tun mako biyu da suka wuce, bai sake saye ba, kuɗin ya tafi wajen rago da itace da ɗinkin yara. Ga gishiri da magi da yaji, ga shayi kofi bayan kofi, ruwa kuwa kaɗan. A ɓangaren asibiti ma'aikata sun ragu zuwa masu gadi, wato ƴan kaɗan da aka bari a bakin aiki, yawancin farmasi a rufe suke, lunguna cike da itace da wuta. Abin da ya fi duka ɓarna shi ne kalma ɗaya da ake faɗa da kyakkyawar niyya: "Bari a gama sallah, kada a tada hankalin mutane."

Shanyewar ɓarin jiki, wanda ake kira AVC, ba ya zuwa da ihu. Maigida yana zaune a kan tabarma, ya miƙa hannu zai karɓi kofin shayi, kofin ya suɓuce. Ya yi dariya, sai matarsa ta ga dariyar ta tafi gefe ɗaya, ɗaya gefen bakin ya zube. Ya buɗe baki zai ce ba komai, harshe ya yi nauyi kamar mai magana da tuwo a baki. Iyakar abin da za a gani ke nan, kuma ya isa. Abu uku muke so kowace mace da kowane namiji su iya gwadawa: a ce ya yi murmushi, a ce ya ɗaga hannu biyu ya riƙe su a sama, a ce ya maimaita gajeriyar magana irin "yau take sallah". In ɗaya daga ciki ya gaza, sai a dubi agogo a riƙe lokacin, a nemi mota.

Riƙe lokacin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ciwon iri biyu ne: ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya zuba. Da ido ba a rarrabe su, ko likita sai ya sa an yi sikana, wato hoton cikin kai. Maganin da yake narkar da gudan jini, a inda ake da shi, ba a ba da shi bayan awa 4 da rabi daga sa'ar da alamar ta fara, don haka tambayar farko da za a yi wa matar ita ce: ƙarfe nawa kika yi masa ganin ƙarshe lafiya lau? In ta ce "bayan azahar ne dai", an rasa abin dogaro. In ta ce "ƙarfe biyu da kwata", ta taimaki likita fiye da yadda take zato.

Abin da akan yi a gida kuma shi ne yake ƙara dagula lamarin. Ana ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko kunu, alhali maƙogwaron mai wannan ciwo yakan kasa haɗiya daidai. Ruwan sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke kashe wanda ciwon farko ya bari da rai. Allah gafarta malamai, a nan muke roƙon ku faɗa da bakinku: a yi addu'a, a yi tofi, a karanta abin da ya sawwaƙa a cikin mota ana tafiya, amma kada a ba shi komai ta baki. Kada a ba shi aspirin, don in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a sa masa ƙwayar tansiyon a ƙarƙashin harshe don a sauke awon da sauri, domin saukar tansiyon farat ɗaya tana hana jini isa ɓangaren ƙwaƙwalwar da yake neman tsira. A kwantar da shi a gefe, a ɗan ɗaga kansa, a sassauta wuyan riga. Wanda kuma alamar ta zo masa ta wuce cikin minti goma, har ya tashi yana cewa iska ce ta buge shi, shi ma a kai shi a ranar. Gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan.

Ciwon zuciya shi kuma ɓuya yake yi a bayan nama. Mutum ya ci hanta da kayan ciki, ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, kowa ya ce ƙwarnafi ne ko olsa, a jiƙa masa kanwa. Bambancin da za a lura da shi: ciwon zuciya nauyi ne a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, yana iya miƙewa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga tashin zuciya, ga numfashi sama-sama. In ya kai minti 15 bai lafa ba, a ɗauke shi a matsayin zuciya har sai awo ya ƙaryata. Mata da masu ciwon sukari sau da yawa ba sa jin nauyin ƙirjin sosai, sai dai kasala mai tsanani da haki da ciwo a saman ciki, shi ya sa nasu ya fi saurin wucewa ba a gane ba. A nan aspirin yana da amfani: miligiram 300 a tauna, ko Aspégic na 250, wato aspirin na gari, leda ɗaya a ruwa kaɗan, muddin mutum yana cikin hayyacinsa, jikinsa ba ya ƙin aspirin, kuma ba shi da gyambon ciki mai zubar da jini. A zaunar da shi ya jingina. Kada ya tuƙa kansa, kada ya hau babur da kansa, kada a bar shi ya taka zuwa bakin kwalta. Da an isa asibiti matar ta faɗa tun daga ƙofa cewa ciwon ƙirji ne, don ƙa'idar aiki ita ce a yi awon zuciya cikin minti 10 da isowa.

In kuwa ya faɗi, an kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko kuma yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari, to zuciya ce ta tsaya. Wannan jan numfashin yana ruɗin mutane, su ce ai da sauran rai a bar shi ya huta, wasu kuma su fara salati su nemi zanen rufawa. Duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar tashinsa tana raguwa da wajen kashi 7 zuwa 10 cikin 100. A sauko da shi daga katifa zuwa ƙasa mai tauri, don a kan katifa dannawar ba ta isa zuciya. A durƙusa a gefensa, a ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, a danna da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Ana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Aiki ne mai gajiyarwa, bayan minti 2 hannu yakan yi sanyi ko mai yi bai ji ba, sai wani ya karɓa. Haƙarƙari yana iya karyewa, kada wannan ya sa a tsaya, ƙashi yana ɗoruwa. Mace tana iya yi wa mijinta, miji ya yi wa matarsa, in babu su maƙwabci ya yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ku kuka fi mu sanin hukuncin larura.

Akwai wanda ya fi waɗannan sauƙin gyara, kuma shi ne ya fi alaƙa da safiyar sallar layya. Mai ciwon sukari ya sha Daonil, ƙwayar sauke sukari, ko ya yi allurar insulin da asuba kamar kullum, sannan ya ƙi karyawa yana jiran hantar ragonsa. Wajen hantsi sai rawar jiki, gumi, faɗa ba dalili, maganar da ba ta da kai. In akwai na'urar awo a gida kuma ta nuna ƙasa da 0,70, sukari ne ya sauka. In babu na'ura, a ɗauka hakan ne. Mai iya haɗiya a ba shi ƙwayar sukari 3, ko rabin kofin lemun kwalba mai zaƙi, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, in ya dawo a ba shi abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, a gefe za a kwantar da shi a tafi. Daonil yana daɗewa a jiki, sukarin yakan sake faɗuwa bayan awowi, don haka ko ya farfaɗo a kai shi a duba. Muna roƙon ku bayyana wa jama'a cewa jinkirta karyawa a wannan safiya abin so ne, ba wajibi ba, kuma mai shan irin wannan magani ya ci abinci kafin ya fita.

Wanda tsoka ta maƙale masa a wuya, ya kasa magana ya kasa tari, ba ruwa yake bukata ba. A sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5 da ƙarfi. In bai fito ba a zagaya bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya, a ja ciki da sama sau 5, a yi ta musanyawa. Mai juna biyu a ƙirji ake ja mata. Yankan wuƙa kuwa tsumma mai tsabta da dannawa minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi kamar yatsa huɗu sama da ciwon, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata minti 20, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura. Toka, man goge baki, ƙwai, garin kofi, duk aikin wankewa suke ƙara wa ma'aikaci, ciwon kuma su sa masa ƙwayoyin cuta.

Yanzu mu juyo ga maza, don su ma ana barinsu da mara lafiya a hannu. Mata ne suke kan suya tun daga kayan ciki na ranar farko har naman kwana na biyu, a bakin wuta, kuma mace ba ta cika cewa ta gaji ba ranar da gida yake cike da dangin miji. Matar da al'adarta ta yi jinkiri da mako biyu ko uku, ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jiri, wani lokaci har ciwon ya hau kafaɗa, leɓɓanta suka yi fari, ana jin tsoron ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe. Jinin a cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa, ko kuma ɗan ɗigo ne kawai yake fitowa. Tiyata ce maganinsa, kuma awowi ake ƙirgawa. Mai tsohon ciki da ta ce kanta yana sarawa, idonta yana ganin walƙiya, fuska da hannu sun kumbura, awon tansiyon ɗinta ya kai 14/9 ko ya wuce, tana bakin jijjiga. In ta fara, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a danne ta, a nufi gidan haihuwa mafi kusa, su za su yi mata allurar da take tsayar da jijjigar su tura ta babban gidan haihuwa na Issaka Gazobi in da bukata. Mai jego da take jiƙa ƙunzugu fiye da ɗaya cikin awa guda, ita ma ba ta jiran gobe. Miji ya tambaya. Kunyar tambayar "yaushe rabonki da al'ada" ba ta kai nauyin abin da take hanawa a gani ba.

Duk wannan sani ba ya amfani in ƙofar gida ta ƙi buɗuwa, kuma nan ne aikinku ya fi namu. Mace da yawa ba za ta fita da mijin da ya suma ba sai an kira wansa ko babansa, wanda wataƙila yana Dogon Dutsi ko Tawa wajen sallah, wayarsa kuma ba ta shiga. Wata kuma ita ce ba ta da lafiya, maigida ya fita rabon nama, ta zauna jiran izini. Muna roƙon ku ce wa magidanta su ba da izinin nan tun yau, a gaban shaida in ya yiwu: in rai yana cikin haɗari, ki fita, ki kira wanda ya fi kusa, kada ki jira kowa. Haka maganar kuɗi. Kuɗin gida yana cikin wayar maigida, lambar sirrin kuma tana cikin kan da ya daina magana. A ware wani abu, ko jika 20 ce, a ajiye inda mata ta sani. Tun 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocin gwamnati, amma ordonas ɗin farko yakan bukaci kuɗi a hannu. Wanda ba shi da komai ma ya taho, a nemi kuɗin daga baya. 

Lamba biyu za a rubuta da gawayi ko alli a bayan ƙofa: 15 ta SAMU, masu motar asibiti ta gaggawa, 18 ta ƴan kwana-kwana. Mai kira ya faɗi unguwa, ya faɗi wata alama da kowa ya sani, masallaci ko makaranta ko gidan mai, ya faɗi abin da ya gani da lokacin da ya fara, kada ya kashe waya sai an ce ya kashe. A tura yaro mai wayo ya tsaya a bakin kwalta ya jawo motar, domin a Talaje ko Bukoki ko Lazare direba yana iya ɓata minti goma yana zagaye lungu. In motar za ta yi nisa, a ɗauki ta maƙwabci. Masu unguwanni, ga abin da muke nema a wurinku: kowane layi a san mota biyu da masu su za su kwana a gari ranakun sallah, da mai a tanki, a ba matan layin lambobinsu. A kuma hana kafa wutar gashi a tsakiyar hanya, a bar faɗin da mota za ta wuce. Mutanen Harobanda da Kirkisoy su tuna asibitin Lamorde yana gefensu, ba sai sun tsallaka gadar Kennedy cikin cunkoson yamma ba. Mai alamar shanyewar jiki ko ciwon ƙirji kuma kada a tsaya da shi a ƙaramin ɗakin shan magani don a ƙara masa ruwa, babban asibiti za a nufa kai tsaye.

Akwai abin da ya fi ƙarfin unguwa, muna so ku kai shi gaban Ma'aikatar Lafiya da hukumar birni, don ku ake buɗe wa ƙofa. Jerin farmasin da suke gadi yana fitowa a jaridar Le Sahel da faransanci, matar da take tsakar gida ba ta ganinsa. A karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci tun jajibiri, a manna shi a ƙofar masallatai. A sanar da asibitin da sikanarsa take aiki a kwanakin, da inda likitan zuciya yake gadi, don kada iyali su yi ta yawo da mara lafiya daga ƙofa zuwa ƙofa. A ajiye motar asibiti da na'urar farfaɗo da zuciya a manyan filayen Idi. Sai jini. Haɗarin babura yana ƙaruwa da sallah, masu haihuwa ba sa hutu, masu ba da jini kuwa sun watse. Leda ɗaya mililita 450 ce, cirarta ba ta wuce minti 10, kuma jinin yana ajiyuwa fiye da wata guda a firji. In kowane masallacin Juma'a ya tura matasa masu lafiya, ƴan shekara 18 zuwa sama masu nauyin kilo 50, zuwa cibiyar jini ta CNTS mako biyu kafin sallah, mijin da matarsa take ɗakin tiyata ba zai tsaya yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya da tsakar dare ba.

To, a ce Allah ya sa an tsira, an sallamo shi. Gida zai cika da ƴan barka da arziki, kowa da kwanon soyayyen nama da shawararsa. Wannan makon yana da nasa haɗarin, kuma nauyinsa kusan duka a kan mutum ɗaya yake sauka. Wanda ya tashi daga ciwon zuciya ko shanyewar jiki yakan fito da magani uku zuwa biyar, wasu na har abada. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha kwali ɗaya, a ga sauƙi, a bari. Maganin tansiyon ba ya warkar da tansiyon, riƙe shi yake yi, ranar da aka saki ya koma. Wanda aka sa wa ƙaramin bututu a jijiyar zuciya, in ya bar maganin hana daskarewar jini ko na kwana kaɗan ne, bututun yana iya toshewa. Masu kawo sassaƙe da jiƙo a yi musu godiya, a nuna wa likita kafin a sha, don wasu suna taɓa ƙoda wasu suna karo da maganin asibiti. Gishiri kuma kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, giram 5 ke nan, har da wanda yake cikin magi da yaji da kilishi.

Mai shanyewar jiki a zaune ake ba shi abinci, bayansa a miƙe, loma ƙanana, abu mai ɗan kauri kamar kunu ya fi ruwa tsarara sauƙin haɗiya. In yana tari ko muryarsa ta jiƙe bayan kurɓa, a tsaya a koma wa likita. Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk awa 2, dare da rana, a duba ƙugu da duwawu da diddige, don jan da bai gushe ba shi ne farkon gyambon kwanciya. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Motsa gaɓoɓi a wajen masu gashin ƙashi a fara shi da wuri, domin yawancin abin da zai dawo a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa. In ya koma mai yawan kuka ko fushi ko shiru, ba rashin tawakkali ba ne, ciwon yana taɓa wannan ɓangaren ma, kuma akwai magani. Ku riƙa leƙa mai jinyar, Allah gafarta malamai. Mace ɗaya ba za ta iya juya namiji duk awa biyu har wata uku ita kaɗai ba, dole dangi su raba dare.

A gidan da yake da mace fiye da ɗaya akwai wani gibi da ba a cika lura da shi ba. Maigida yana sauya ɗaki duk kwana ɗaya ko biyu, maganin kuma yana ɗakin wadda ta yi jinyar asibiti. Wata rana a tsallake, wata rana a ba shi sau biyu don kowacce tana zaton ɗayar ba ta ba shi ba. Gyaran mai sauƙi ne: jaka ɗaya da magungunan duka, da karnen asibiti, da takarda mai layi da ake sa alama bayan kowane sha, jakar tana bin girki. Kowacce ta san sunan ciwon, ta san alamun dawowarsa, ta san inda kuɗin gaggawa yake.

Ba huɗubar Idi muke roƙo ba, ranar an makara kuma hankalin kowa yana kan rago. Juma'a biyu kafin sallah muke so, minti biyar a kowacce: ta farko a kan sayen maganin wata guda kafin a shiga kasuwar dabbobi da kuma ba da jini, ta biyu a kan alamun nan da izinin fita. Mata da yawa ba sa zuwa Juma'a, don haka a kai maganar makarantun islamiyya na matan aure. Danna ƙirji kuma ba a koyonsa da kunne. Mai unguwa ya nemi majon asibitin unguwarsa ya ba da awa ɗaya bayan la'asar, maza a harabar masallaci, mata a gidan mai unguwa tare da ungozoma, kowa ya durƙusa ya gwada da hannunsa. In babu mutum-mutumin koyo, buhun da aka cika da tsumma ya matsu sosai ya isa a koyi zurfi da sauri. A zo da na'urar awon tansiyon a auna duk wanda ya halarta, wanda nasa ya kai 14/9 a rubuta masa a takarda ya je a sake aunawa cikin makon.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu ma'aikatan lafiya mazauna Yamai.